Darasi: Auna Haɗarin Sankarar Mama Tun Kafin Ta Bayyana

A farkon ƙarni na 18, wani likita ɗan ƙasar Italiya mai suna Bernardino Ramazzini ya ɗauki aikin bin masu sana'o'i rukuni rukuni, daga maƙera zuwa masu haƙar ma'adinai, yana rubuta cututtukan da suka fi damun kowa. Cikin abin da ya rubuta akwai wanda ya ɗaure masa kai. Matan da suka keɓe kansu a gidajen ibada na coci, ba aure ba haihuwa, sankarar mama ta fi kama su fiye da sauran mata. Bai gano dalili ba, amma ya tabbatar cewa cutar ba ta faɗa wa mata daidai wa daida.

A 1866 likitan Faransa Paul Broca ya bi salsalar dangin matarsa har zuriya huɗu. Ya ƙirga mata 24, ya tarar 10 daga cikinsu wannan cuta ce ajalinsu. Sai kuma a 1926 wata likita 'yar Ingila, Janet Lane-Claypon, ta tattara bayanan mata 500 masu cutar da na wasu 500 marasa ita, ta jera amsoshinsu gefe da gefe. Ta ga cutar ta fi yawa ga waɗanda ba su haihu ba, da masu ƙarancin haihuwa, da waɗanda ba su shayar ba.

Tun daga nan likitoci ke bin tambaya guda. In har wasu matan sun fi wasu kusa da cutar, shin za a iya gane su tun suna da lafiyarsu, a fara duba su da wuri, a kuma riƙa duba su a kai a kai? A 2022 kaɗai, mata kusan miliyan 2.3 aka gano suna da sankarar mama a duniya, kimanin 670,000 kuma suka rasu. Tambaya ce da rayuka ke rataye a kanta.

Me ya sa ba a duba kowa da kowa?

Akwai mace mai ƙorafi, wadda ta ji ƙullutu ta tafi asibiti. Akwai kuma mace mai lafiya, ba abin da ke damunta, aka gayyace ta a ɗauki hoton mamanta da na'urar mamogiram ko za a ga cuta tun tana ƙarama. Wannan na biyun shi ake kira tantancewa, kuma a kansa darasin yake.

Ƙasashen da ke tantancewa sun daɗe suna amfani da ma'auni ɗaya tal, wato shekaru. Birtaniya ta fara shirinta a 1988, kuma a yau tana gayyatar mata daga shekara 50 zuwa 70, sau ɗaya duk shekara uku. A Amurka, shawarar da kwamitin ƙwararrun ƙasar ya fitar a 2024 ita ce a fara daga 40 zuwa 74, duk shekara biyu. Dalilin a fili yake: bayan kasancewa mace, babu abin da ke ɗaga haɗarin cutar kamar yawan shekaru.

Sai dai hoton yana da nasa illolin. Yakan nuna wani abu mai kama da cuta, a kira mace ta dawo, ta kwana ta tashi da fargaba, a sake hoto, wani lokaci a ɗebi tsoka a kai ɗakin gwaji, a ƙarshe a ce ba komai. A Amurka, kusan rabin matan da ke yin hoton kowace shekara har shekara goma sai sun gamu da irin wannan kira aƙalla sau ɗaya. Akwai kuma wadda ta fi wannan ɗaure kai. Wata sankarar tana girma a hankali ƙwarai, ta yadda da ba a gano ta ba, mai ita za ta tsufa ta rasu da wani ciwon ba tare da ta taɓa sani ba. Da yake likita ba shi da hanyar gane wacce ce mai saurin da wacce ce mai nawar, duk wadda aka gani sai a yi mata aiki. Wani kwamiti da Farfesa Michael Marmot ya jagoranta a Birtaniya ya ƙiyasta a 2012 cewa shirin ƙasar yana ceton rayuka kusan 1,300 a shekara, amma kuma mata kusan 4,000 ake yi wa maganin sankarar da ba za ta taɓa cutar da su ba. Kwamitin ya ce a ci gaba da shirin, a kuma gaya wa mata gaskiyar ɓangarorin biyu.

Ga kuma matsalar ɗaya gefen. Mace 'yar shekara 34 wadda mahaifiyarta da yayarta duk cutar ta kama su tun suna da ƙuruciya, ma'aunin shekaru bai san da ita ba. A tsarin Birtaniya za ta jira shekara 16 kafin takardar gayyata ta iso, alhali ita ce ta fi bukatar a sa mata ido.

Tambayoyin da ake yi wa mace

Yawancin abin da ake aunawa yana komawa ga sinadarin isturojin da jikin mace ke fitarwa, da tsawon shekarun da mama ya yi yana samunsa. Wadda ta fara al'ada kafin shekara 12 ta ɗan fi wadda ta fara a 15 haɗari. Wadda al'adarta ba ta ɗauke ba sai bayan 55 ta ɗan fi wadda tata ta ɗauke a 45. Haihuwar fari bayan shekara 30, ko rashin haihuwa baki ɗaya, yana ƙara wani abu, kuma wannan ne ya warware abin da Ramazzini ya gani. Ƙiba bayan ɗaukewar al'ada tana ƙarawa, domin a lokacin kitsen jiki ne ke samar da sinadarin. Haka shan giya, da daɗewa ana shan magungunan maye gurbin sinadari bayan ɗaukewar al'ada, da gashi na asibiti da aka yi wa mace a ƙirji tana ƙasa da shekara 30 saboda wata sankarar daban.

A 2002 mujallar likitoci ta Lancet ta buga wani nazari da ya haɗa bincike 47 daga ƙasashe 30. Ya nuna kowace haihuwa tana rage haɗarin da kusan kashi 7 cikin 100, kowane wata 12 na shayarwa kuma yana ƙara ragewa da kashi 4.3 cikin 100.

A nan akwai inda ake yawan zamewa. Mace mai 'ya'ya takwas, wadda ta shayar da kowannensu kusan shekara biyu kafin yaye, tana iya jin waɗannan alƙaluman ta ce ita kam ta tsira. Ragin gaskiya ne, amma ragi ne kawai, kuma asibitocin koyarwa na Kano da Zariya da Sakkwato suna ganin iyaye mata masu 'ya'ya da yawa ɗauke da cutar. Har ma bincike ya nuna cewa a 'yan shekarun farko bayan haihuwa haɗarin yakan ɗan tashi kafin daga baya ya sauka. Wannan kuwa shi ne daidai lokacin da ƙullutu ya fi samun wurin ɓuya, domin mai goyo da uwarta da ungozoma duk za su ce nono ne ya daskare. Sau da yawa hakan ne. Amma ƙullutun da aka gasa da ruwan ɗumi, yaro ya tsotsa, aka yi mako biyu yana nan inda yake, likita ya kamata ya taɓa shi.

Lissafin Gail

Wanda ya fara haɗa waɗannan tambayoyi ya mai da su lissafi mai fitar da lamba shi ne Mitchell Gail na Cibiyar Binciken Sankara ta Amurka, shi da abokan aikinsa, a 1989. Sun yi amfani da bayanan wani babban shirin tantancewa da aka gudanar a ƙasar a shekarun 1970. Tambayoyin ba su da yawa: shekarun mace, shekarar fara al'ada, shekarar haihuwar fari, mutum nawa cikin uwa da 'yan'uwa mata da 'ya'ya mata cutar ta kama, da ko an taɓa ɗibar tsokar mamanta don gwaji. Kwamfuta sai ta fitar da yiwuwar kamuwa cikin shekara biyar masu zuwa, da kuma ta tsawon rai.

Ya kamata ɗalibi ya tsaya a kan yadda ake karanta lambar. A Amurka, macen da lissafinta na shekara biyar ya kai kashi 1.67 cikin 100 ana sa ta cikin masu babban haɗari. Kalmar tana da nauyi a kunne, amma ga abin da lambar ke faɗa: in an tara mata 1,000 masu amsoshi irin nata, kusan 17 za su kamu cikin shekara biyar, 983 kuma ba za su kamu ba. Lissafin bai san ko tana cikin 17 ɗin ba, kuma babu likitan da ya sani. Sanin gaibu sai Allah. Abin da lissafin ke yi ƙirga ne na abin da ya riga ya sami mata masu kama da ita, don a san irin kulawar da ta dace da ita.

Lambar ta yi amfani a aikace. Da ita aka zaɓi mata sama da 13,000 a wani gwaji na Amurka da Kanada, aka ba rabinsu maganin tamoxifen. Sakamakon da aka bayyana a 1998 ya nuna cutar ta ragu da kusan rabi a cikin waɗanda suka sha, ko da yake maganin yana da illolinsa, irin su daskarewar jini a jijiya da ƙarin haɗarin sankarar mahaifa.

Masana suna gwada kowane ma'auni ta hanya biyu. Ta farko: in ya ce mata 17 cikin 1,000 za su kamu, shin in shekara biyar ta cika, adadin da aka samu ya yi kusa da 17? Ta biyu: a ɗauko mata biyu, ɗaya ta kamu ɗaya ba ta kamu ba, a duba ko tun farko ma'aunin ya ba wadda ta kamu lamba mafi girma. Mai cinta kawai zai dace sau 50 cikin 100. Da aka gwada lissafin Gail a 2001 a kan ma'aikatan jinya mata fiye da 80,000 a Amurka, ya ci jarrabawar farko sosai. A ta biyu kuwa sau 58 ya samu cikin 100. Ke nan ya iya gaya wa ma'aikatar lafiya yawan marasa lafiyar da za ta shirya wa, amma macen da ke zaune gaban likita bai gaya mata abu mai yawa ba.

Babban giɓinsa shi ne dangin uba, waɗanda bai tambaye su ba sam. A 2004 wasu masana a Landan, Jonathan Tyrer da Stephen Duffy da Jack Cuzick, suka fito da ma'aunin da ke tambayar kakanni da goggonni da innoni na ɓangarorin biyu, da shekarun da cutar ta kama kowa, da tsawon mace da nauyinta. Jami'ar Kambirij ma tana da nata, wanda likitoci ke buɗewa a intanet da sunan CanRisk. Tun 2007 Ƙungiyar Yaƙi da Sankara ta Amurka ta ba da shawarar cewa wadda irin waɗannan ma'aunai suka ba kashi 20 cikin 100 ko fiye na tsawon rai, a haɗa mata da hoton MRI kowace shekara bayan mamogiram. Don kwatanci, matsakaiciyar mace a Amurka tana da kusan kashi 13, wato ɗaya cikin takwas.

Abin da ake gada

Tambayar da dangin matar Broca suka tayar ta jira shekara 124 kafin a fara samo amsarta. A 1990 Mary-Claire King, masaniyar ƙwayoyin gado a Kalifoniya, bayan shekaru tana bin iyalan da cutar ta yi wa yawa, ta nuna cewa matsalar tana wani wuri a kuromozom na 17. A 1994 aka ware ƙwayar gadon, BRCA1, a 1995 kuma aka gano ta biyu, BRCA2, a Ingila.

Kowane mutum, mace da namiji, yana da su biyun. Aikinsu gyaran ɓarnar da ke aukuwa a cikin ƙwayoyin jiki. Matsalar takan zo ne in an gaji wadda ta samu tangarɗa. Wani babban bincike na 2017 ya nuna macen da ta gaji gurɓatacciyar BRCA1 tana da kusan kashi 72 cikin 100 na kamuwa kafin ta kai 80, mai BRCA2 kuma kashi 69. Haɗarin sankarar gidan ƙwai ma yana tashi sosai. Labarin ya karaɗe duniya a 2013, lokacin da tauraruwar finafinan Amurka Angelina Jolie ta bayyana cewa ta gaji BRCA1, ta kuma zaɓi a cire mata mama biyun tun tana da lafiya. Mahaifiyarta ta rasu tana da shekara 56 bayan fama da sankarar gidan ƙwai. Cirewa ɗaya ce daga hanyoyi. Da yawa suna zaɓar sa ido da MRI tun daga wajen shekara 25 zuwa 30, ko shan magani.

Duk ɗan da mai gurɓatacciyar ƙwayar ya haifa, rabi da rabi ne ya gaje ta ko ya kuɓuta. Kuma uba yana ba da ita kamar yadda uwa ke bayarwa. Namiji na iya ɗauke da ita har tsufa ba ta nuna masa komai ba, ya miƙa wa 'yarsa. Saboda haka goggo, ƙanwar uba ko yayarsa, tana da nauyi a lissafi daidai da inna.

Alamomin da ke sa likita zargin gado sanannu ne: cutar ta kama 'yar'uwa kafin shekara 50, ko ta kama mama biyun, ko mutum biyu uku a ɓangare ɗaya na dangi, ko akwai mai sankarar gidan ƙwai, ko ta kama namiji, domin kusan ɗaya cikin 100 na masu cutar maza ne. Duk da haka, irin wannan gado mai ƙarfi kashi 5 zuwa 10 ne kawai cikin 100 na masu cutar a ƙasashen da aka fi yin bincike. Mafi yawan matan da ke kamuwa ba su da kowa a dangi da ya taɓa yi.

Bayan waɗannan manyan biyu, akwai ɗaruruwan ƙananan bambance-bambance a ƙwayoyin gado, kowanne tasirinsa bai taka kara ya karya ba, amma in sun taru sukan yi nauyi. A 2019 masana suka haɗa guda 313 suka yi ma'auni da su, wanda ake iya aunawa daga miyau. Kusan duka matan da aka gina shi da bayanansu 'yan asalin Turai ne, kuma da aka gwada shi a kan mata 'yan asalin Afirka ƙarfinsa ya ragu.

Abin da hoton kansa ke faɗa

Mama kitse ne da kuma tsokar da ke samar da nono. A hoton mamogiram kitse yakan fito duhu, tsokar ta fito fari, sankara ita ma fari take fitowa. Macen da tsokarta ta cika, mai cunkusasshen mama ke nan, matsala biyu gare ta: cutar tana iya ɓuya a hoton, kuma haɗarinta ya ninka na mai yawan kitse kusan sau huɗu. Ba a gane wannan da girman mama ko da taɓawa, sai da hoto. A wani gwaji na ƙasar Holan da aka buga a 2019, ƙara MRI ga masu tsananin cunkoso ya rage sankarar da ke ɓullowa tsakanin hoto da hoto daga 5 zuwa 2.5 cikin mata 1,000. Tun watan Satumba na 2024 doka ta wajabta wa cibiyoyin hoto a Amurka su sanar da kowace mace yanayin cunkoson nata.

Sabon abin da ya shigo shi ne ƙirƙirarriyar basira. Regina Barzilay, farfesar kwamfuta a jami'ar MIT, ta kamu da cutar a 2014. Bayan ta warke, ita da ɗalibinta Adam Yala suka horar da kwamfuta da hotuna masu ɗimbin yawa har ta koyi hango haɗari daga hoton da likita ya ce lafiya lau yake. Suka sa wa manhajar suna Mirai. A sakamakon 2021, da aka gwada ta a Amurka da Suwidin da Taiwan, ta dace sau 76 zuwa 81 cikin 100 a jarrabawar mata biyun nan. Akwai kuma manyan gwaje-gwaje biyu da aka tsara don kwatanta tantancewa bisa haɗari da tantancewa bisa shekaru: WISDOM da Laura Esserman ta fara a Amurka a 2016, da MyPeBS da aka fara a 2019 a Turai da Isra'ila. A tsarin WISDOM, mace 'yar 40 da wani abu mai ƙaramin haɗari takan jira sai ta kai 50, mai mafi girman haɗari kuma ana duba ta duk wata shida.

Ma'aunin wata kasuwa

Duk mai sayen hatsi ya san mudun wannan kasuwa ba lallai ya zo daidai da na waccan ba, kuma wanda ya auna da na wani gari ya biya da farashin garinsu, ko ya cuci kansa ko ya cuci mai kaya. Lissafin Gail da matan Amurka farar fata aka yanka shi. Ko a can sai da aka sake masa gyara a 2007 saboda baƙaƙen fata.

A Najeriya, alƙaluman hukumar binciken sankara ta duniya na 2022 sun nuna sabbin masu cutar sama da 32,000 da rasuwa sama da 16,000 a shekara. Da yawansu 'yan shekara 40 da wani abu ne, alhali a Amurka matsakaicin shekarun kamuwa ya haura 60. Wani ɓangare na dalilin shi ne al'ummar Najeriya matasa sun fi yawa a cikinta. Ko ma mene ne, shirin da zai fara daga shekara 50 zai tsallake mata masu yawa.

Tun 1998 Farfesa Olufunmilayo Olopade, 'yar Najeriya da ke Jami'ar Cikago, take aiki da likitocin asibitin koyarwa na Ibadan a kan wannan. A 2018 suka buga sakamakon gwajin mata 1,136 masu cutar: kashi 7 cikin 100 suna da gurɓatacciyar BRCA1, kusan kashi 4 kuma BRCA2. Fiye da ɗaya cikin goma ke nan, adadin da ya ɗara na matan Turai nesa ba kusa ba. A shekarar dai suka fitar da ma'aunin da aka gina da bayanan matan Najeriya, mai tambayar yawan haihuwa da tsawon shayarwa da tsawon jiki da nauyi da tarihin dangi. Ya dace kusan sau 70 cikin 100, inda na Gail ya tsaya wajen 55 a kan matan nan. Aiki ne mai daraja. Amma yawancin matan Ibadan ne da kewaye, kuma shekarun aure da yawan haihuwa a Katsina ko Maraɗi daban suke, don haka shi ma sai an gwada shi a Arewa kafin a jingina da shi gaba ɗaya.

Akwai wahalar da ta riga lissafi zuwa. A ɗauka malamar asibiti ce da fom a gabanta, ga wata dattijuwa a kan benci.

"Mama, a danginku akwai wadda ta taɓa yin ciwon mama?"

"A'a, 'yar nan, babu. Sai dai Goggonmu da aka ce daji ne ya ci ƙirjinta. Wasu kuma suka ce jifa aka yi mata."

"Allah Ya jiƙanta. Tana da kamar shekara nawa lokacin?"

"Autanta dai bai fara tafiya ba."

Malamar da ta yi hanzarin rubuta babu a amsar farko ta yi asarar abu mafi muhimmanci a fom ɗin. Wadda ta saurara ta samu goggo ta jini, da ciwon da ya yi kama da sankara, da shekarun da ba za su wuce 40 da 'yan kai ba. Sannan sai ta tantance dangantakar. A gida mai mata biyu ko uku, wadda ake kira yaya tana iya zama uwa ɗaya uba ɗaya, ko 'yar uba, ko 'yar riƙo. Ta farko tana da cikakken nauyi, 'yar uba nauyinta daidai da na goggo ko kaka, 'yar riƙon da ba dangi ba da abokiyar zaman uwa da 'yar'uwar shayarwa kuwa ba sa shiga lissafi, duk da kusancinsu a zuciya. Ɓoye ciwon dangi don kada a guji auren 'yan matan gidan abu ne da ake fahimtar dalilinsa, amma 'yan matan nan su ne ɓoyon ke cutarwa.

Inda na'ura ba ta kai ba

Wani bincike da aka yi a ƙasashen Afirka biyar, aka buga a 2020, ya bi matan da aka gano suna da cutar har shekara uku. Cikin na Najeriya, kashi 36 cikin 100 ne kawai ke raye. A ƙasashe masu arziki sama da kashi 90 suna kaiwa shekara biyar. Babban abin da ya raba su shi ne zuwa asibiti a makare da kasa ƙarasa magani.

Shi ya sa Hukumar Lafiya ta Duniya ba ta ce ƙasashen da asibitocinsu ke da rauni su fara da yi wa kowa mamogiram ba. Shirin da ta ƙaddamar a 2021 yana neman a gano aƙalla kashi 60 cikin 100 na masu cutar a mataki na ɗaya ko na biyu, a kammala bincike cikin kwana 60 daga zuwan mace asibiti, kashi 80 kuma su ƙarasa magani. Birnin Mumbai na Indiya ya nuna ana iya yin abu da hannu kawai. An koya wa mata ma'aikatan lafiya na unguwa duba mama, aka bi mata sama da 150,000 har shekara 20. Sakamakon 2021 ya nuna an riƙa gano cutar da wuri, mutuwa kuma ta ragu da kusan kashi 30 cikin 100 ga 'yan shekara 50 zuwa sama.

A irin wannan yanayi auna haɗari ya fi amfani ma fiye da inda na'urori suka wadata. In mamogiram ɗin jiha ba su wuce a ƙirga da yatsu ba, kuma kuɗin hoton daga aljihun mace zai fito, 'yan tambayoyin da malamar asibiti za ta yi a ɗakin awo ko ranar rigakafin yara suna iya nuna wadda ya kamata a fara turawa. Ƙa'idar da likitoci da yawa ke bi ga mai tarihin dangi ita ce a fara duba ta shekara goma kafin shekarun da cutar ta kama 'yar'uwarta mafi ƙuruciya. In uwa ta kamu a 42, 'yarta ta fara ganin likita a kan maganar tun tana 32.

Lissafin nan duka na mace mai lafiya ne. Wadda ta ji ƙullutu a mama ko a hammata, ko ta ga kan nono ya shige ciki, ko jini na fita, ko fatar ta lotsa ko ta yi kauri, ko wani gyambo ya ƙi warkewa, ta wuce maganar ma'auni. Ko lissafi ya ce haɗarinta kaɗan ne, ko ciwon ba ya mata zafi, asibiti za ta nufa a makon, kuma wajibi ne maigida ya sauƙaƙa mata tafiyar.

Aikin gida

Kowane ɗalibi, mace ko namiji, zai raba takarda gida biyu, dangin uwa a dama, dangin uba a hagu. Zai rubuta kakanni da iyaye da 'yan'uwan iyaye da nasa 'yan'uwan, ya nuna wa ke uwa ɗaya uba ɗaya, wa ke ɗan uba. Sai ya zauna da wanda ya fi kowa tsufa a gidan ya tambayi waɗanda suka yi ciwon mama ko ciwon ciki mai kumburi da aka kira daji, da shekarunsu a lokacin. In ba a san shekarun ba, a kama da wani abin da ake tunawa, kamar haihuwar wani yaro ko mulkin wani shugaba, a ƙiyasta. Takardar sirrin gida ce, ba za a karanta ta a aji ba. Wanda ya samu mutum biyu a ɓangare ɗaya, ko mutum ɗaya da ya kamu kafin shekara 50, ya sanar da matan gidansu, su tafi da ita wurin likita.